Celestine Babayaro: Yaron Kaduna da ƙwallo ta ɗauka da wuri, ta kuma sake shi da wuri

Ranar 23 ga Nuwamba, 1994, a birnin Bucharest na ƙasar Romaniya, ƙungiyar Anderlecht ta Beljiyam ta fito da wani yaro ɗan Najeriya a karawarta da Steaua a gasar Kofin Zakarun Turai. Shekarunsa 16 da kwana 86. Kafin wannan dare gasar ba ta taɓa ganin ɗan wasa mai ƙarancin shekaru irinsa ba. Minti 37 da take wasa alƙali ya ɗaga masa jan kati, ya fice, aka ƙarasa ba shi, aka tashi 1-1. Sunan yaron Celestine Babayaro, haifaffen Kaduna. Tarihin da ya kafa a daren ya zauna daram shekara 26, sai a Disamban 2020 Youssoufa Moukoko na Borussia Dortmund ya karya shi yana ɗan shekara 16 da kwana 18.

In aka ambaci Babayaro a majalisar masu son ƙwallo yau, abu biyu ne ke fara fitowa daga baki: alkafurar da yake yi in ya ci ƙwallo, da labarin da jaridun Ingila suka buga a farkon 2011 cewa kotu ta tabbatar da karayar arzikinsa. Daga nan sai wani ya girgiza kai ya ce ai yaron ya ƙare da wuri. Wannan hukunci bai yi masa adalci ba, domin an fara lissafin daga wutsiya. Daga 1994 zuwa 2007 shekara 13 ke nan yana taka leda a manyan ƙungiyoyin Turai, kuma wannan cikakkiyar rayuwar sana'a ce ga kowane mai tsaron baya. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne lokacin da ya soma. An ɗora masa aikin manya yana ɗan sha shida, ya ba da mafi kyawun abin da ke jikinsa kafin ya cika 22, kuma a duk tsawon tafiyar ba a ga wani tsari da ya tsaya ya lissafa abin da hakan zai ci masa ba.

Kaduna ta wancan zamani

An haifi Babayaro ranar 29 ga Agusta, 1978, a garin da a lokacin yake tafasa da tamaula. Ƙungiyar Ranchers Bees ta Kaduna ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙungiyoyin da suka ci kofunan ƙalubale na Afirka a 1988, inda Bizertin ta Tunusiya ta doke ta, kuma filin wasa na Ahmadu Bello yana cika idan tana gida. Daga wannan ƙungiya Daniel Amokachi ya fito. A garin aka haifi Tijjani Babangida da Garba Lawal. A gidan su Babayaro ma ƙwallon ba shi kaɗai ta kama ba, domin yayansa Emmanuel mai tsaron raga ne.

Ƙarfin garin ya fito fili a 1996. Cikin 'yan wasa 18 da Najeriya ta tafi da su gasar Olamfik ta Atlanta, biyar 'yan Kaduna ne: Amokachi, Babangida, Lawal da Babayaro biyu. Gari guda ya ba da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na tawagar da ta ciyo wa Afirka zinaren farko a ƙwallon ƙafa na Olamfik. Kaduna gari ne na ma'aikata, na masaƙu da bariki da layin dogo, inda 'ya'yan ƙabilu daban-daban suka taso a fili ɗaya, suna buga ƙwallo ɗaya, suna faɗa da sasantawa da Hausa. Wannan cakuɗuwa ce ta riƙa fitar da gwanaye.

Celestine ya bi ta Plateau United ta Jos, amma duniya ta fara saninsa a Japan a 1993, a gasar cin Kofin Duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17. Tawagar Najeriya ta koci Fanny Amun ta ƙunshi Nwankwo Kanu, Wilson Oruma, Mobi Oparaku, Ibrahim Babangida da Emmanuel Babayaro a raga. Sun doke Ghana 2-1 a wasan ƙarshe a Tokyo. Masu farautar 'yan wasa daga Turai suna zaune a gefen fili da littattafansu. Kanu ya tafi Ajax ta Holan, Babayaro ya nufi Anderlecht.

Ƙofar Beljiyam

Zuwansa Beljiyam ba haɗuwar sa'a ba ce. Marigayi Stephen Keshi ne ya share hanyar tun 1986 da ya je Lokeren, sannan ya koma Anderlecht a shekarar da ta biyo baya. Bayansa Amokachi ya sauka a Club Brugge, Victor Ikpeba da Sunday Oliseh suka sauka a Liège. Dokokin ƙasar ba su da tsauri wajen shigo da 'yan wasa daga wajen Turai, kuma ƙungiyoyinta sun gane kasuwar: a sayi yaro daga Afirka da araha, a goge shi shekara biyu ko uku, a sayar wa Ingila ko Italiya da riba.

Babayaro ya yi abin da aka kawo shi ya yi, har ya zarce. Anderlecht ta ci gasar ƙasar a kakarsa ta farko, 1994/95. A 1996 aka ba shi kyautar takalmin da ake bai wa gwarzon ɗan wasa ɗan asalin Afirka a Beljiyam, kyautar da Amokachi da Ikpeba da Godwin Okpara suka ɗauka kafin shi. Amokachi da Ikpeba masu cin ƙwallaye ne, shi kuwa lamba uku yake bugawa, kuma bai kai sha takwas ba.

Sai dai a wannan ƙungiya akwai wani misali da ya kamata ya zama gargaɗi. Nii Lamptey na Ghana, gwarzon gasar 'yan ƙasa da 17 ta 1991, ya fara buga wa Anderlecht yana ɗan sha shida, duniya ta ɗauka an samu sabon sarkin ƙwallo. Cikin 'yan shekaru ya shiga yawon ƙungiyoyi daga wannan nahiya zuwa waccan, daga baya kuma ya bayyana da bakinsa cewa ya sa hannu a takardun da bai san abin da ke cikinsu ba. Irin waɗannan labarai ne suka taru har FIFA ta kafa doka a 2001 da ta hana ɗaukar yaro daga wata ƙasa zuwa wata kafin ya cika 18, sai bisa wasu sharuɗɗa 'yan kaɗan. Da dokar tana aiki a 1994, da Babayaro bai buga wasan Bucharest ba. Barcelona a 2014 da Chelsea a 2019 duk sun sha hukuncin hana sayen 'yan wasa saboda karya ta. Wato abin da a zamanin Babayaro ake tafa wa, hukumar ƙwallo ta duniya da kanta ta dawo ta ce cutarwa ce ga yara.

Atlanta

Gasar Atlanta ta zo a lokacin da Najeriya ke cikin ƙunci. Bayan rataye Ken Saro-Wiwa da abokansa a Nuwamban 1995, dangantaka ta yi tsami tsakanin gwamnatin Janar Sani Abacha da ta Nelson Mandela, Najeriya ta ƙi zuwa Afirka ta Kudu kare kofin Afirka da ta ci a 1994, hukumar CAF kuma ta hana ta shiga gasar 1998. Tawagar Olamfik ta koci Jo Bonfrere ce kaɗai ta rage wa 'yan ƙasa abin sa rai.

Babayaro, yana ɗan sha bakwai, shi ne mai gefen hagu. Bayan an fito daga rukuni da nasara kan Hungary da Japan da shan kashi 1-0 a hannun Brazil, an haɗu da Meziko a wasan dab da na kusa da na ƙarshe. Jay-Jay Okocha ya buɗe, Babayaro ya rufe, aka tashi 2-0. Sai daren Brazil da har yau ake ba da labarinsa: ana bin Najeriya 3-1, Ikpeba ya rage, Kanu ya farke a minti na ƙarshe, ya kuma ƙara ta zinare a ƙarin lokaci.

Wasan ƙarshe ranar 3 ga Agusta, a filin Sanford da ke garin Athens na jihar Georgia, gaban mutum fiye da dubu 86, Pierluigi Collina na riƙe da usur. Ajantina ta Daniel Passarella tana da Roberto Ayala, Javier Zanetti, Ariel Ortega da Hernán Crespo. Minti uku da farawa Claudio López ya zura ƙwallo. A irin wannan hali ƙungiya takan rikice, musamman wadda ta ƙarar da ƙarfinta kwana uku da suka wuce. A minti na 28 mai tsaron baya mafi ƙanƙanta a filin ya taso daga bayansa ya shiga cikin da'irar Ajantina, ya yi tsalle ya sa kai, ƙwallo ta shige. Sai alkafura. Crespo ya sake sa Ajantina gaba da fenareti, Amokachi ya farke, Emmanuel Amunike ya ci ta uku ana dab da tashi.

Ana yawan tuna ƙwallon Amunike, kuma ta cancanta. Amma ƙwallon Babayaro ce ta dawo da Najeriya cikin wasan, ta nuna wa abokansa cewa bayan Ajantina ma yana ɓulewa. Ƙwallaye biyu a zagayen sili ɗaya ƙwale daga ɗan baya ba ƙaramin abu ba ne.

Lamba uku mai halin lamba sha ɗaya

A nan ne ya dace a duba irin ƙwallon da yake bugawa. A tsohon tsari, aikin lamba uku shi ne ya tsare lamba bakwai na abokan hamayya, ya ƙwace, ya doka gaba, ya koma mazauninsa. Babayaro yana cikin sahun da suka ƙi tsayawa a nan. Yana da gudu, yana da ƙafar hagu mai laushi, yana iya yanka, kuma duk da ba dogo ba ne yana da tsalle. Idan ƙungiyarsa ta samu ƙwallo, kafin a ankara ya wuce tsakiyar fili. Roberto Carlos na Brazil ne babban mai wannan salo a lokacin, kuma a Atlanta sun fuskanci juna sau biyu. Abin da yau ake nema ido rufe a wajen irin su Andy Robertson da Alphonso Davies da Nuno Mendes, shi yake yi tun shekarun 1990.

Salon yana da tsada ta fuska biyu. Na farko, duk wanda ya tafi gaba ya bar rami a baya, kuma idan aka ci ƙwallo ta wannan rami sunansa ake kira. Na biyu, babu wurin da ke cin jiki a fili kamar wannan: a ruga mita sittin ko saba'in a guje, a juyo a guje, a sake, har minti casa'in su cika. Tsokar cinya da matsematsi da gwiwa su ke biyan kuɗin. Yaron da ya fara wannan aiki da ƙarti tun ƙashinsa bai gama ƙwari ba tamkar jakin da aka fara yi wa lodi tun yana ɗan aholaki ne: zai ɗauka, har a yaba masa, amma bayansa zai riga na tsaransa gajiya.

Shekaru takwas a Landan

A 1997 koci Ruud Gullit ya saye shi zuwa Chelsea kan fam miliyan 2.25, kuɗi mafi yawa da ƙungiyar ta taɓa biya kan matashin da bai kai ashirin ba. A wannan bazarar kuma Chelsea ta dawo da Graeme Le Saux daga Blackburn kan fam miliyan 5, shi ma lamba uku, kuma ɗan wasan tawagar Ingila. Tun daga ranar farko ke nan sai da ya yi kokawar neman gurbi. Kakar farko rauni ya cinye mafi yawanta, har bai buga wasan ƙarshe na gasar Turai da Chelsea ta doke Stuttgart 1-0 a Stockholm ba.

Da ya warke, sabon koci Gianluca Vialli ya samo dabarar amfani da su biyun: Le Saux a baya, Babayaro a gabansa. Haka aka fito a Monaco a Agustan 1998 aka doke Real Madrid 1-0 a kofin Super Cup na Turai, Gustavo Poyet ya ci. A kakar Chelsea ta ƙare ta uku a Firimiya, wasa uku kacal ta rasa. Ranar 26 ga Disamba, 1999, a gidan Southampton, Chelsea ta zama ƙungiya ta farko a tarihin Firimiya da ta fito da 'yan wasa sha ɗaya babu ɗan Birtaniya ko ɗaya, kuma yaron Kaduna na cikinsu tare da Didier Deschamps da Frank Leboeuf da Roberto Di Matteo.

Shekarar 2000 ta haɗa masa zaƙi da ɗaci. A Afrilu Chelsea ta doke Barcelona 3-1 a Landan a wasan dab da na kusa da na ƙarshe na Kofin Zakarun Turai. A Camp Nou wasa ya kai ƙarin lokaci, Luís Figo ya kutsa, Babayaro ya kayar da shi cikin da'ira, aka ba shi jan kati, Rivaldo ya ci fenaretin, aka tashi 5-1. Wata guda bayan haka ya buga wasan ƙarshe na Kofin FA, na ƙarshe da aka yi a tsohon filin Wembley, a jere da Marcel Desailly da Leboeuf a baya, George Weah da Gianfranco Zola a gaba. Chelsea ta doke Aston Villa 1-0.

A tsaya a lissafa. A wannan rana shekarunsa 21. Yana da Kofin Duniya na matasa, zinaren Olamfik, kofin gasar Beljiyam, Super Cup da Kofin FA, ya buga Kofin Duniya na 1998 a Faransa inda Najeriya ta doke Sifaniya 3-2, yana kuma cikin tawagar da Kamaru ta doke da fenareti a wasan ƙarshe na kofin Afirka a Legas. 'Yan baya da yawa a wannan shekaru ba su ma samu gurbi a ƙungiyoyinsu ba.

Daga nan tafiyar ta fara nauyi. Ya buga wasan ƙarshe na Kofin FA na 2002 da Arsenal ta ci 2-0, amma ba a dawo da shi daga hutun rabin lokaci ba. A 2003 Roman Abramovich ya sayi Chelsea, aka kawo Wayne Bridge daga Southampton kan fam miliyan 7. José Mourinho ya zo a 2004 da tsarin da ke son ɗan baya ya fara tsare gida kafin komai, ya fi yarda da Bridge da William Gallas. A Janairun 2005 Babayaro ya koma Newcastle bayan wasanni kusan 200. Wata huɗu bayan tafiyarsa Chelsea ta ɗauki kofin gasar Ingila na farko cikin shekara 50.

Inda laifin yake nasa

Kare Babayaro ba ya nufin wanke shi. A gasar kofin Afirka ta 2004 a Tunusiya, bayan Maroko ta doke Najeriya 1-0 a wasan farko, an kore shi daga sansani tare da Yakubu Aiyegbeni da Victor Agali bisa zargin karya dokar sansani. A wannan shekarar tafiyarsa da Super Eagles ta tsaya yana ɗan 25, da wasanni 27 kacal. Joseph Yobo, wanda ya zo bayansa, ya buga 101. Janyewar 1996 da haramcin 1998 sun ci masa gasa biyu, rauni ya ci wasu, amma shi ma ya rufe wa kansa ƙofa.

A Newcastle magoya baya sun riƙa ƙorafin cewa ya fi zama a ɗakin jinya fiye da fili. A 2006 aka dakatar da shi wasa uku saboda marin Dirk Kuyt na Liverpool. A Disamban 2007, zamanin Sam Allardyce, aka raba gari kafin yarjejeniyarsa ta ƙare. Gullit ya sake kiransa zuwa LA Galaxy ta Amurka a Janairun 2008, inda David Beckham yake, amma kafin a fara kaka ƙungiyar ta sallame shi. Bai sake buga wasan gasa ba, ya kuma sanar da ritaya a 2010.

Duk da haka, masu cewa ba shi da zuciyar aiki su tuna da ranar 10 ga Fabrairu, 2007. Sa'o'i kaɗan bayan an sanar da shi rasuwar ƙaninsa, wanda tarin fuka ya yi ajalinsa, ya sa riga ya fito ya buga wa Newcastle da Liverpool, Newcastle ta ci 2-1, Obafemi Martins na cikin masu cin ƙwallo. Malalaci ba ya yin haka.

Jiki yana da lissafinsa

Duk lokacin da ɗan wasan Najeriya ya dushe kafin talatin, akwai masu amsa a shirye: ai shekarun ƙarya ne. Zargin yana da tushe a tarihin ƙasar, tun da FIFA ta taɓa dakatar da Najeriya daga gasannin matasa a 1989 saboda saɓanin ranakun haihuwa, ta kuma kawo gwajin ƙashin hannu a gasar 'yan ƙasa da 17 ta 2009. Amma jifan kowa da wannan dutse ba tare da hujja ba zalunci ne, kuma yana hana a ga dalilin da ke gaban ido.

A ɗakin jinyar Newcastle ɗin nan akwai Michael Owen. Ya fara buga wa Liverpool yana ɗan sha bakwai, ya girgiza duniya a 1998, ya zama gwarzon Turai a 2001, sannan tsoka da ƙashin ƙafa da gwiwa suka bi shi ɗaya bayan ɗaya har gudunsa ya tafi. Babu wanda ya tuhumi takardar haihuwarsa. Wayne Rooney ya fara da Everton yana ɗan sha shida, kuma kafin ya cika 33 ya bar Firimiya. Jiki ba ya duba ranar haihuwa kawai, yana ƙirga wasannin da aka sa shi, da tafiye-tafiye, da allurar kashe zafi, da dawowa fili kafin rauni ya gama warkewa. Ga ɗan Afirka kuma akwai ƙarin nauyi: gasar nahiyar a tsakiyar kaka, doguwar tafiya a jirgi, da ƙungiyar da ke jin haushin kowace tafiya.

Batun kuɗi ma haka yake. Yaron da ya bar gida a shekarun da tsaransa ke aji huɗu na sakandare, ya fara karɓar albashin da ya fi na duk wanda ya sani, wa ya zaunar da shi ya koya masa haraji, da bashin gida, da yadda ake cewa a'a? A al'adarmu mai samu ba shi kaɗai ke ci ba, dangi da abokai da unguwa duk suna da rabo, kuma wannan abin alfahari ne. Amma albashin ƙwallo yana yankewa rana ɗaya, buƙatun mutane kuwa ba sa yankewa. Matsalar ba ta 'yan Afirka kaɗai ba ce, domin David James, mai tsaron ragar Ingila, shi ma kotu ta tabbatar da karayar arzikinsa a 2014.

Kanu, abokin tafiyarsa tun Japan, misali ne na abin da kulawa ke iya yi. Jim kaɗan bayan Atlanta likitocin Inter Milan suka gano matsala a zuciyarsa, aka yi masa aiki a Cleveland ta Amurka, aka ba shi lokaci ya warke. Ya dawo ya ci Firimiya da Arsenal, ya ci wa Portsmouth Kofin FA a 2008, ya yi wasa har 2012. Gwaji ɗaya da aka yi da gaske ya ƙara masa shekara goma sha biyar a fili.

Abin da ya rage wa na baya

Dokar FIFA ta rage wani ɓangare na matsalar. Ahmed Musa, bayan ya zama sarkin cin ƙwallaye da Kano Pillars, sai da ya jira ya cika 18 a Oktoban 2010 kafin ya fara buga wa VVV-Venlo ta Holan. Zaidu Sanusi, ɗan Jega ta jihar Kebbi, wanda ya gaji wannan gefe na hagu a Super Eagles, ya hau tsani a hankali ta ƙananan ƙungiyoyin Fotugal kafin ya isa Porto a 2020, ya kuma ci ƙwallon da ta ba ta kofin ƙasar a gidan Benfica a 2022. Shi ma kwanaki kaɗan da dawowa daga gasar kofin Afirka a Fabrairun 2024 jijiyar gwiwarsa ta tsinke, abin da ke nuna cewa nauyin wannan gurbi yana nan yadda yake.

Amma dokar tana tsare ƙofar fita ne kawai. Abin da ke faruwa da yaro kafin ya kai ƙofar aikin gida ne. Najeriya ta ci Kofin Duniya na 'yan ƙasa da 17 sau biyar, a 1985, 1993, 2007, 2013 da 2015, fiye da kowace ƙasa, kuma kowane karo ana biki ana rabon kyauta a watse. Ya kamata hukumar NFF ta ɗauki kowane yaro da ya sa rigar Golden Eaglets a matsayin amana ta shekaru: a buɗe masa kundin lafiya da zai bi shi duk inda ya je, a sa lauya ya karanta yarjejeniyarsa ta farko kafin ya sa hannu, a tabbatar ya kammala sakandare, a ware wani kaso na kuɗinsa inda hannu ba zai kai ba sai bayan ritaya. Makarantun horar da yara da suka cika Kaduna da Kano da Jos su ma a ɗaure lasisinsu da waɗannan sharuɗɗa, tun da su ne ke fara karɓar kuɗi idan an sayar da yaro.

Masu koyar da wannan darasi kuwa suna nan da ransu. Babayaro ya san Anderlecht yana ɗan sha shida, ya san Wembley, ya san ɗakin jinya, ya san kotu. Amokachi, Tijjani Babangida da Garba Lawal kowa da nasa kundin. Gwamnatin jihar Kaduna da hukumar ƙwallon jihar suna iya tara mutanen nan biyar na Atlanta a filin Ahmadu Bello sau ɗaya a shekara, a kawo yaran makarantun ƙwallo da iyayensu, a rufe ƙofa, a bar su su yi tambaya kan wakilai, da rauni, da albashin farko, da ranar da waya ke daina ƙara.